Birki Ba Ya Tsinkewa Rana Ɗaya

Ƙannena matasan Katsina da sha'awar tsofaffin motoci ta kama, yau da ku nake. Ina ganinku da yamma a kan titin Ƙofar Ƙaura, ina ganinku ranar ɗaurin aure da ranakun Sallah. Wannan ya fito da Peugeot 504 ta mahaifinsa da ta daɗe a jingine bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Wancan ya samo Mercedes 190, ya kai ta wajen mai fenti, ta fito tana ɗaukar ido. Abin yana burge ni ƙwarai. Yaron da zai tayar da motar da ta girme shi har ta hau titi da ƙafarta, yana da haƙuri da basirar da ya kamata a yaba. Sai dai na lura da inda kuɗinku ke tafiya. Fenti ne farko, sannan tayoyi, sannan salansa mai rugugi, sannan rediyo da lasifika. Birki sai abin da ya rage, in ma ya rage.

In ka tambayi mai irin wannan mota, "Yaya birkinta?" amsar kusan ɗaya ce: "Yana ci, yaya, sai dai sai an famfa shi sau biyu." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Birkin da sai an famfa shi kafin ya ci, ya riga ya fara mutuwa, kuma yana gaya maka hakan a duk lokacin da ka taka shi. Kullum muna jin labari a rediyo cewa birki ya tsinke wa wata mota ta afka cikin jama'a, sai mu ɗauka abu ne da ya faɗo daga sama. Mafi yawan lokuta ba haka ba ne. An yi makonni, ko watanni, ƙafar direba tana jin birkin yana ƙara laushi yana ƙara nutsewa, shi kuma yana ƙara saba wa kansa da famfawa har ya daina lura. Hausawa suka ce sabo turken wawa.

Mu yi ɗan lissafi, don kada a ce tsoratarwa ce kawai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In takun farko ya tafi a banza, ka ɗaga ƙafa ka sake takawa, daƙiƙa guda ta wuce, wato ka shafe mita 28 birki bai ko fara aiki ba. A cikin gari, a gudun kilomita 50, asarar kusan mita 14 ce. Ka tuna yadda mai kurkura ke tsayawa ba sigina a bakin Babbar Kasuwa, ko yadda yaro ke fitowa da gudu daga lungu a Ƙofar Marusa, ko yadda hanyar Kano ke cushewa da mutane da dabbobi ranar kasuwar Charanchi. Waɗannan mitoci su ne tsakanin ka yi salati ka wuce da ka ɗauki ran ɗan wani. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu ne.

Na san da yawanku gudu ne ya ja ku ga waɗannan motoci, kuma ba su rasa tarihin gudu ba. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, a shekarar kuma aka fitar da samfurinta na ƙawa mai ƙofa biyu wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara. A 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya ci wannan gasa da mai ƙofa biyun, mai injin silinda shida. Faransa ta daina yin ta tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa har yau kayanta ba su yanke a kasuwanninmu ba. To amma masu tseren gaske sun san wani abu da mai wasan mota a gidan biki bai sani ba. A 1953 kamfanin Jaguar ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, kuma babban abin da ya fifita motarsa shi ne sabon birki mai faifai na kamfanin Dunlop. Direbansa na iya riƙe totur har dab da kwana, domin ya tabbata in ya taka za ta tsaya, yayin da sauran ke fara rage gudu tun daga nesa saboda birkinsu ya yi zafi. Wanda ya fi amincewa da birkinsa shi ya fi gudu a wannan rana.

Kafin ka gyara abu sai ka san yadda yake aiki. Nemi sirinji marar allura, ka cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa, ka danna. Ba zai motsa ba, domin ruwa ba ya matsuwa. Yanzu zubar da rabin ruwan, ka bar iska ta shiga, ka sake dannawa: za ka ji ya yi laushi, ya shige, ya dawo. Sirrin birkin mai ke nan gaba ɗayansa, kuma tun ƙarni na 17 masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana ƙa'idarsa. Ƙafarka tana tura fistin a cikin masta, masta ta tura man birki cikin bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa ƙafafu huɗu, man ya tura wasu fistin su matse fad a jikin faifai, ko su buɗe lainin a cikin duram. Muddin mai ne zalla a layin, kuma babu inda ke yoyo ko kumbura ko wasa, duk ƙarfin ƙafarka zai isa taya nan take. Birki mai laushi yana nufin ƙarfin nan yana ɓacewa a hanya, aikinka shi ne ka gano a ina.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da sayen kaya. An ji birki ya yi laushi, sai a ce masta ce, a canza. Bai gyaru ba, a ce fad ne, a canza. A ƙarshe kuɗi sun ƙare matsala na nan. Ka fara da ƙafarka, kyauta ne, kuma mota a tsaye take.

Kashe injin, ka taka birkin sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, sannan ka tayar da mota. In ya ɗan sauka ƙasa kaɗan ƙarƙashin ƙafarka, busta lafiya lau take, wato baƙar tukunyar iskar nan da ke bayan masta tana taimaka wa ƙafa. Ka ma cire ta daga zargi tun da wuri, domin in ita ce ta lalace birki tauri yake yi, har sai ka tsaya a kansa kafin ya ci. Yanzu injin na aiki, ka dafa birkin da matsakaicin ƙarfi, kada ka famfa, ka riƙe shi rabin minti kana saurare da tafin ƙafarka. In ya tsaya cak a wuri ɗaya amma yana tuɓus-tuɓus, kuma in ka famfa sai ya taso ya yi ƙarfi, mafi yawa iska ce a layi. In kuwa yana zamewa ƙasa a hankali a hankali har ya kusa taɓa dandamali, to mai yana gudu ta wani wuri. Duba kwalbar man. In yana raguwa, yoyon a waje yake. In bai ragu ba kuma birkin na nutsewa, robobin cikin masta ne suka gaji, man yana zagaye su yana komawa kwalba maimakon ya tafi taya. A nan ne kawai za ka ce masta ce, kuma ka faɗa da hujja.

Akwai wata dabara da ke rikita mutane: mai yana raguwa amma ƙasan mota a bushe. Sau da yawa robar bayan masta ce ta mutu, man yana zuba cikin busta ba a gani. Kwance notin masta biyu, ka ɗan ja ta gaba, ka sa yatsa a bayanta. In ya fito da danshi, ka kama ɓarawon.

Sai motoci masu duram a baya. Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, da 504 ta ɗaukar kaya da doguwar nan ta haya da ta yi zamani a tashoshinmu, duk suna cikinsu. In lainin ya cinye ya yi nisa da duram, takun farko zai ƙare ne wajen cike wannan tazara, sai na biyu ya ci. Mutum zai rantse iska ce, a yi ta bilidin, wato fitar da iska, ba sauyi. Gwajin mai sauƙi ne. Ja birkin hannu zuwa rabi, ka taka na ƙafa. In ka ji ya taso sama fiye da yadda ka saba, lainin baya ne ke son a ɗaure shi ko a canza. Wani abin da ke kawo irin wannan alama shi ne boris ɗin taya da ya yi sako-sako. Faifan yana rawa a tafiya, yana tunkuɗa fad baya, sai ka ga bayan kowace kwana takun farko ya tafi da nisa. Ɗaga motar a jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza; in tana ƙwas-ƙwas, gyara boris kafin ka taɓa birki.

In ƙafa ta gama nata, sai ido. Ɗaga mota, ka sa mata matokari na ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara da bulo, yana fashewa ba gargaɗi. Cire kowace taya ka duba bayanta. Idan ka zare duram, za ka ga ƙaramin silinda a sama mai hular roba a kowane gefe. Ɗaga bakin hular da ɗan sukundireba. Ya kamata ka tarar da shi a bushe. In mai ya ɗigo, ko ka ga ƙura ta jiƙe ta zama baƙin kwaɓi, silindan ya gama aiki, kuma lainin da ya sha mai shi ma ya tafi, wanke shi da fetur ba zai dawo da shi ba. Ƙurar nan ta cikin duram kuma kada ka hure ta da baki ko da iska; tsofaffin lainin da yawa an yi su da asbestos, wanda ke lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge.

Tiyon roba shi ne abin da aka fi mantawa da shi, ni kuwa a tsohuwar mota shi na fi jin tsoro. Rana irin tamu ta watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, da bushewar hunturu, suna cin roba ko da motar ba ta motsa ba. Lanƙwasa shi da hannu ka duba ko ya tsattsage. Sannan ka sa wani ya taka birki da ƙarfi kai kuma kana riƙe da tiyon a tafin hannunka. In ka ji yana kumbura, to ƙarfin da ya kamata ya tafi taya yana ƙarewa wajen hura roba. Wani kuma ta ciki yake ruɓewa, waje sumul, sai ya bar mai ya wuce ya hana shi dawowa, taya ɗaya ta riƙa riƙewa tana zafi. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: in ba ka san ranar da aka sa tiyon ba, canza su duka. Kuɗinsu bai kai na lasifika ɗaya ba.

Yanzu ga maganar man kansa, inda na fi son ku natsu. Man birki irin wanda ke cikin kusan duk motocinmu, mai lamba DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwani, yana da wata ɗabi'a: yana shan danshi daga iska, ta murfin kwalba, har ta jikin tiyo. Ƙa'idar da ake bi ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. In suka sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Birki kuwa aikinsa ke nan, mayar da gudu zafi. In zafin ya kai man ya tafasa a cikin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, tururi ya taru, kuma tururi yana matsuwa daidai da iska. Shi ya sa za ka ga mota da safe birkinta garau, amma bayan an sha tsaye-tsaye a cunkoso, ko an yi wasan guje-guje, sai a taka ya tafi ƙasa. A bar ta ta huce, ya dawo, mai ita ya ce ai ya gyara kansa. Bai gyara ba, zai sake. Kada shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu ta Katsina ta ruɗe ka. Ranar da za ka je biki Jos ka gangaro Hawan Kibo da mutum biyar a mota, ranar za ka san man da ke cikinta. A irin wannan gangare, ƙaramin giya za ka sa injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako.

Ruwan nan yana da wata ɓarnar. Yana kwanciya a cikin masta da silinda yana cin ƙarfe, tsatsar kuma ta yanka robobi. Motar da ta yi damuna da yawa a ajiye ta fi wadda ke yawo kullum shiga wannan hali. Don haka a zubar da tsohon mai a zuba sabo duk shekara biyu, ko da birkin lafiya yake. Sabon mai garau yake, mai ɗan launin zuma. In ka buɗe kwalba ka ga baƙi, ya wuce lokacinsa. Ka sayi gwangwani a rufe daga shagon da ka amince da shi, domin jabu na yawo, kuma kada ka yarda da wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗiyar jarka. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 suna haɗuwa da juna, amma DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a gauraya shi da su. Baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari, ko ɗigo kaɗan ne ya shiga kwalbar, zai kumbura kowace roba da ke layin, sai an canza su gaba ɗaya. Wasu tsofaffin Citroën ne ke amfani da koren mai na daban, su ma ba a sa musu namu. In man birki ya zuba a fentin da ka kashe wa kuɗi, wanke da ruwa nan take, yana cinye fenti. Kuma don Allah ku gaya wa mutanen gida su daina shafa shi a ciwo ko ƙyasbi, guba ne.

Fitar da iska, wato bilidin, aikin mutum biyu ne, kuma a nan ake gane bakanike na ƙwarai. Na taɓa zama a wani gareji ƙarƙashin inuwar bedi ina kallon wani dattijo yana yi da yaronsa. Kafin komai ya tsotse tsohon man da ke kwalba, ya goge ta, ya cika da sabo. Ya ɗauki guntun katako ya sa ƙarƙashin abin taka birki. Na tambaye shi dalili, ya ce tsohuwar masta akwai iyakar da fistin ɗinta ya saba kaiwa, bayan wannan iyaka tsatsa ce. In yaro ya danna har ƙasa, robar ta bi ta kan tsatsar ta yage, mai mota ya zo da iska ya koma da matacciyar masta. Daga nan ya kwanta a taya mafi nisa daga masta, ya sa siririn tiyo mai haske a kan ɗan notin bilidin, ɗaya bakin a cikin kwalbar da ke da ɗan mai a ƙasa.

"Famfa! A hankali, ba faɗa kake da ita ba. Riƙe!"

"Na riƙe, Baba."

Ya juya sufana kwata, mai ya taho da kumfa ƙanana-ƙanana suna bin tiyon. Ya ɗaure.

"Saki."

Ba ya barin yaron ya ɗaga ƙafa sai noti ya rufu, domin in an ɗaga a buɗe layin zai sake zuƙar iska. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar yana miƙewa ya leƙa kwalbar masta ya ƙara mai, saboda in ta ƙafe aiki ya koma farko. Bai bar wannan taya ba sai da man ya fito garau babu ƙwayar kumfa ko ɗaya, sannan ya koma ta gaba da ita a nisa, ya ƙare da mafi kusa da masta. Wannan shi ne tsarin da aka fi bi, ko da yake wasu motoci suna da nasu jerin, in kana da littafin motar ka bi shi. Wani abin da ya yi wanda ba kowa ke yi ba: ya tokare ƙafafun baya yadda nauyin mota ke kansu. Motoci irin 504 suna da wani bawul a baya da ke rage ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya. In tayoyin baya suna reto a sama, bawul ɗin yana taƙaita mai, bilidin ba ya kammaluwa.

In sabuwar masta za a sa, a fitar da iskarta tun tana kan benci kafin a ɗaura ta. In kuma an yi bilidin sau uku birki bai taso ba, a daina zubar da mai a tsaya a yi tunani. Wani abokina ya sha wannan wahala bayan an kwance masa kalifa biyu na gaba don wankewa. Aka canza masta, aka ƙarar da gwangwanaye, birki na nan tuɓus. Ashe wajen mayarwa an sa ta dama a hagu, ta hagu a dama. Suna shiga daidai, notuna suna ɗauruwa, amma notin bilidin ya koma ƙasa. Iska sama take taruwa, ta ƙasa mai kawai ke fita. Aka musanya su, cikin 'yan mintuna birki ya tsaya. Duk lokacin da aka taɓa maka kalifa, leƙa ka tabbata wannan ɗan noti yana sama.

Akwai abubuwa biyu da ake yi a bakin hanya waɗanda nake roƙonku, don girman Allah, kada ku koya, ku da ke tuƙi da ku da ke koyon aikin kanikanci. Na farko shi ne zuba ruwan omo a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, zafin da birki ke kaiwa cikin ɗan lokaci, sannan yana cin ƙarfe. Na biyu shi ne toshe layin tayar da ke yoyo da ƙusa, ko a daddale bututun da guduma, a ci gaba da tafiya da ƙafa uku. Birkin zai yi tauri har mutum ya ji daɗi, amma ranar da aka taka shi da gaggawa motar za ta fizge gefe guda, ko cikin rami ko cikin mai tahowa. Na san uzurin: dare ya yi a hanyar Jibiya ko ta Dutsinma, ba wanda ke son kwana a daji, musamman a wannan zamani. To abin da ya sa ake duba birki a gida ke nan, da rana, kafin a ɗauki hanya. Abin takaicin ma, ƙusar da aka sa don a isa gida sau da yawa tana shekara a wurin, har a sayar da motar da ita. In ka sayi tsohuwar mota, bi kowane bututu da ido daga masta har taya. Ka kuma duba ko kwalbar manta gida biyu ce. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka koma raba layin birki biyu, yadda in ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Motar da ta girmi wannan tsari layi ɗaya gare ta, tiyo ɗaya ya fashe ta rasa birki a ƙafa huɗu.

Wani zai ce ai komai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai ja. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa mutumin da ya tambaya game da raƙumarsa, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Kuma ran da ke cikin hatsari ba naka kaɗai ba ne da za ka ce ka sadaukar. Akwai ƙanwarka da ka ɗauko daga Islamiyya, akwai mai tallan da ke gefen titi wanda bai san komai game da motarka ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana kan hanyoyinmu tun 1988, ga jami'an duba lafiyar motoci, amma ba wanda zai ji laushin birkinka a cikinsu. Kai kaɗai ke da ƙafa a kansa.

In kuma, Allah Ya kiyaye, kana tafiya ka taka ka ji ya tafi ƙasa, ɗaga ƙafa daga totur ka famfa da sauri, sau da yawa yakan ɗan taso. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ja birkin hannu a hankali, yatsanka na danne da maɓallinsa, yadda in tayoyin baya suka kulle za ka sassauta. Yi ham, ka kunna fitilun gargaɗi. Kada ka kashe makulli mota na tafiya, sitiyari na iya kullewa, busta ma ta daina taimako. In ta tsaya, ko da birkin ya dawo bayan ta huce, janwe za a nemo.

Bayan an gama gyara kuma kada ka fita da ita kai tsaye cikin gari. Tana tsaye, taka birki da iyakar ƙarfinka ka riƙe rabin minti. Dole ya tsaya sama, da tauri, ba zamewa, tun a takun farko. Leƙa kowane mahaɗi da aka kwance ka ga ko ya jiƙe. Sannan ka nemi fili ko titin da ba kowa, ka gwada a gudun tafiyar ƙafa, sannan kilomita 30, sannan 50, hannunka sako-sako a sitiyari don ka ji ko tana ja gefe. In an sa sabon fad ko lainin, ba su cika kamawa sosai sai sun zauna, don haka ka bi su a hankali kwanakin farko. Ajiye ta da dare a kan busasshen siminti, da safe ka duba ƙarƙashinta da bayan kowace taya, ka kuma duba ko man kwalba ya motsa daga inda ka bar shi. Daga nan ka rubuta wata da shekarar da aka canza man a ɗan takarda, ka manna a cikin bonet kusa da masta, don kai ko wanda zai saye ta bayanka ya san ranar da shekara biyu za ta cika.